Wa Zai Shayar da Bishiyar Zango a Watan Janairu?

A bayan masallacin unguwarmu akwai wani fili da bai kai rabin filin ƙwallo ba. Gefe guda makarantar allo ce, ɗaya gefen kuma gota ce da ke gangarawa zuwa rafin Aboabo. Duk wanda ya girma a zangon Kumasi, a ƙasar Ghana, ya san irinsa, domin kusan kowace unguwa tana da nata, daga Asawase zuwa Sawaba. A nan ake sallar gawa idan masallaci ya kasa ɗaukar jama'a. A nan ake kafa rumfunan biki da suna, a nan ake ɗaure ragunan layya kafin Babbar Sallah, a nan yara ke buga ƙwallo daga la'asar har a kira magariba. Amma ka je da ƙarfe biyu na rana a watan Fabrairu, ko kaza ba za ka gani ba. Ƙasar ta daskare kamar daɓe, ja wur, hucinta na tasowa yana bugun fuska. Ka koma a watan Yuni bayan ruwan dare, za ka tarar ruwa ya tsaga filin gida biyu, ya kwashi ƙasa da ledojin fiyo wata ya cusa a gota, gotar ta toshe ta juyo da ruwan cikin gidajen da ke gangare.

Duk sa'ad da aka zauna a kan gyaran wannan fili, magana biyu ce ke fitowa. Dattawa su ce a malale shi da siminti a huta da laka. Samari su ce a nemo masu ciyawar roba irin wadda aka shimfiɗa a wasu zangunan ƙasar nan bayan kafa Asusun Raya Zango a 2017. Na fahimci kowa. Wanda ya taɓa bin gawa da farar riga cikin taɓo ba za ka ga laifinsa ba idan ya so siminti. Amma ni ina ganin dukanmu muna fara lissafin ne daga inda ya kamata a ƙare shi. Muna tambayar yadda filin zai yi kyau ranar buɗewa, alhali abin tambaya shi ne ina ruwan sama zai bi, ina inuwa za ta faɗa, kuma wane ne zai ɗauki bokiti ya shayar da abin da aka dasa idan hunturu ya kama.

Garin nan da bishiya aka san shi. Asantawa na ba da labarin cewa Okomfo Anokye, babban bokansu, ya dasa itacen kum a zamanin sarkinsu Osei Tutu na farko, inda ya kama ya yi girma nan ne ya zama Kumasi, wato ƙarƙashin kum. A 1945 wasu masu zanen gine-gine daga Ingila, Maxwell Fry da Jane Drew, suka tsara taswirar birnin bisa tunanin gari mai lambuna, aka bar kwaruruka da bakin rafuka su zauna kore, kuma rukunin gidajen Asawase na cikin abin da ya fito daga wancan tsari. Daga nan kirarin Birnin Lambu ya bi Kumasi. Yau ka bi bakin rafin Subin ko na Aboabo ka ga abin da ya rage: gini har bakin ruwa, bola a cikin ruwan, ga wari. Zango ya fi kowa jin jiki, saboda mu ne muka fi cunkoso, gida ɗaya iyali goma, kuma da yawan unguwanninmu a gangare suke, inda ruwan kowa ke taruwa.

Bari in tsaya a kan ruwan, domin nan ne aka fi yin kuskure. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 30, idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba wani abin mamaki ba ne a daren damina a nan, ya karɓi lita 36,000. Da jarkar nan rawaya da muke ce wa galan ɗin Kufuor, mai cin lita 25, jarka 1,440 ke nan. Idan ƙasa a buɗe take, mai taushi, da saiwoyi a cikinta, za ta shanye wani kaso ta riƙe wani na ɗan lokaci. Idan siminti ne, duk jarkokin nan za su zube cikin gota a lokaci guda, a daidai lokacin da kowane rufin kwano a unguwa ke zuba nasa. Siminti ba ya kawar da ruwa, tura shi yake yi ga maƙwabcin da ke ƙasa da kai. Mu tsira da laka a sahun jana'iza, wata tsohuwa a gangare ta kwana tana kwasar ruwa daga ɗaki da roba.

'Yan'uwanmu na Akra sun ga ƙarshen wannan lissafi. Ranar 3 ga Yuni 2015 rafin Odaw ya yi ambaliya, wuta ta tashi a gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Babbar gotar Nima, ɗaya daga cikin zangunan Akra, cikin Odaw take zuba. Ba ina cewa ɗan filin bayan masallaci zai hana irin wannan ba, amma ambaliya ba daga wuri ɗaya take tasowa ba. Tsakar gida dubu ce da aka malale, da fili ɗari da aka toshe, kowanne ya ƙara nasa.

Ga kuma zafi. Siminti da kwalta suna shan rana tun safe su riƙe, da dare su amayar. Shi ya sa a watan Maris za ka ga mutane sun fito da tabarma waje amma ƙasan ma ba ta kwantuwa. Ciyawar roba ta fi muni a nan, tana ɗaukar zafin da yaro ba zai iya taka ta ba takalmi da tsakar rana ba, tana tsufa a cikin wasu shekaru a nemi kuɗin sauya ta, kuma da zarar an shimfiɗa ta sai an kewaye ta da waya an sa ƙofa. Filin ƙwallo na gaske yana da amfaninsa, ban musa ba, samarinmu sun cancanci samun inda za su yi wasa. Amma filin da ke ɗaukar gawa da amarya da rago ba zai koma na ƙwallo kaɗai ba tare da an kori sauran ba.

To mene ne gyara mai ɗorewa? Ni a fahimtata shi ne gyaran da unguwa za ta iya riƙewa da hannunta da aljihunta bayan baƙi sun tafi, wanda kuma yake tafiya da yanayin ƙasar maimakon ya yi faɗa da shi. Mutane kan kawo misalin lambun Rattray da hukumar birnin Kumasi ta buɗe a 2015, da ciyawarsa da ruwansa mai tashi sama. Wuri ne mai kyau, amma yana da ma'aikata, da famfunan da ke cin wuta, da kuɗin shiga. Zango ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da muke da shi shi ne mutane da yawa, da ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, da kashin tumaki da awaki a kowane lungu, da masallaci da ake alwala a cikinsa sau biyar a rana. Da waɗannan za a yi aikin.

Na koyi wannan ne da ciwon rai. Ranar 11 ga Yuni 2021 gwamnati ta ƙaddamar da ranar dashen itatuwa ta ƙasa, Green Ghana, da burin dasa miliyan 5, shekarar da ta biyo aka ɗaga burin zuwa miliyan 20. An raba dashe kyauta, mu ma muka karɓo muka jera a kewayen filin nan. Kowa ya fito, an ɗauki hotuna an watsa a Facebook, an yi addu'a. Damina ta riƙe mana su har Nuwamba. Daga nan ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta sauko da ƙurarta, ciyawa ta bushe, awakin unguwa suka ga kore a tsaye ba shinge. Abin da akuya ta bari, ƙwallo ta karya. Abin da ƙwallo ta bari, ƙishi ya kashe. Kafin ruwan Maris ya dawo, guda ɗaya tak ta rage.

Ita wannan ɗin dogon yaro ce da ta faɗo kusa da wurin alwala. Na je na tarar an kife mata tsohon kwando da aka huda gindinsa, an danne da guntayen bulo, an kuma ja ɗan layi a ƙasa da tsinken ƙarfe daga inda ruwan alwala ke malala zuwa gindinta. Na tambayi ladan, tsoho ne da ya haura saba'in, na ce, "Baba, kai ka yi wannan?" Ya ce, "Ɗana, ruwan nan dama zuba yake yi a banza yana tara mana sauro. Na ce gara ya je inda za a gode masa." Yau bishiyar ta wuce tsayin katangar masallaci, kuma a gindinta yake zama yana jiran lokacin azahar.

Duk abin da masana ke faɗa a kan wannan fanni yana cikin abin da tsohon nan ya yi: kariya, da ruwan da ba a saya ba, da mutum guda wanda ya ɗauki abin nasa ne. Ka lissafa. Masallacin da mutum 100 ke salla a cikinsa, kowa da butarsa, sau biyar a yini, buta 500 ke zuba ƙasa kullum, rani da damina, kuma ruwa ne marar sabulu. Ƙaramar bishiya bokiti ɗaya ko biyu take bukata sau biyu ko uku a mako a lokacin rani, na shekara biyu zuwa uku, daga nan saiwarta ta kai inda za ta ciyar da kanta. Abin kiyayewa kawai shi ne a raba hanyar ruwan alwala da ta bayan gida, a bi da shi ta cikin ɗan rami mai tsakuwa ya nutse a gindin itace maimakon ya kwanta a sarari. Rufin masallacin kansa, in ya kai murabba'in mita 200, lita 280,000 ke sauka a kansa a shekara. Indararo da tanki ɗaya sun isa a tare wani abu daga ciki.

Shi kuwa ruwan da ke tsaga fili, maganinsa manoman arewa sun daɗe da sani. Ba a yin kunya ta bi gangare, gicciye ake yi don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Haka za a yi a gefen filin da ya fi gangara: a haƙa kwari marar zurfi, mai faɗi, a gicciye, a sassauta ƙasar a gauraya ta da yashi da taki, a dasa jema a bakinsa. Jema ciyawa ce da saiwarta ke nutsawa ƙasa sosai ta riƙe gaɓa, da ita ake tare zaizaya a wurare da yawa. Ruwa ya zo da gudu, ya tarar da ita, ya rage ƙarfi, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, abin da ya yi saura ya wuce gota a hankali. Za a ce ai wannan gidan sauro ne. Tambaya ce mai kyau, kuma zazzaɓi ba abin wasa ba ne a zango. Amsar ita ce sauro yana bukatar ruwa ya kwanta kusan mako guda kafin ƙwansa ya zama mai cizo, shi kuwa wannan kwari dole ya tsotse cikin kwana ɗaya ko biyu. Ana gwadawa tun kafin a fara: a haƙa rami tsawon kamu ɗaya, a cika shi da ruwa, a dawo washegari. Idan ruwan na nan, ƙasar wurin ba ta sha, sai a canza wuri ko a ƙara tsakuwa. Jar ƙasar Kumasi idan ƙafa ta daɗe tana taka ta tana yin tauri ƙwarai, don haka wannan gwaji ba na tsallakewa ba ne. Sannan sai an sa raga a bakin gota an kuma riƙa kwashe leda, in ba haka ba kwarin zai zama sabuwar bola.

Tsakiyar fili kuma a bar ta a buɗe. Wannan shi ne abin da mai zane daga ofis ba zai sani ba sai an gaya masa. Sahun jana'iza ba ya son abin da zai raba shi, masu rumfa suna bukatar inda za su kafa ƙarfe. Ciyawa irin ta gidan gwamna ba za ta rayu a ƙarƙashin ƙafafun yara hamsin ba. A daidaita ƙasar, a ba ta ɗan gangare zuwa wajen kwarin, a daɓe da marmara, inda kuma ake yawan bi a jera bulon daɓe a kan yashi ba tare da an liƙe tsakaninsu da siminti ba, ruwa ya samu hanyar shiga. Bishiyoyi su zauna a gefe, a fi yawaita su ta yamma, domin ranar la'asar ce ke korar mutane.

Wace bishiya? Nan ma ana son a yi hattara da son ado. Dogayen itatuwan kwalliya masu kama da kwakwa da ake jerawa a ƙofar otal ba su da inuwar da za ta rufe ko tabarma ɗaya. Dogon yaro yana da haƙuri kuma yana saurin girma. Mangwaro inuwarsa ta fi kowacce sanyi, sai dai a san cewa yara za su yi jifa, kada a sa shi kusa da taga. Maɗaci itace ne na shekaru aru-aru, amma mutanenmu na sassaƙe ɓawonsa don magani har su kashe shi, sai an tsare gindinsa. Ceɗiya da durumi su ne bishiyoyin dandali a ƙasar Hausa, kakanninmu a ƙarƙashinsu suka yi fadanci, amma saiwarsu na fasa gini da gota, sai inda akwai tazara. Zogale ba na inuwa ba ne, na tukunya ne, wurinsa kusa da inda mata ke girkin biki. Kuma kada a manta Kumasi ƙasar kurmi ce, ba Sakkwato ba. Akwai itatuwan ƙasar nan da suka fi dacewa da ruwanta, kuma cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa tana nan Fumesua, a bakin gari, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST. Tambaya ba ta cin kuɗi. Abin rufe gindin dashe don ya riƙe danshi ma yana kusa: dusar katako daga wurin masu katako na Sokoban, a gauraya shi da kashin tumaki a bar shi ya ruɓe tukuna, domin ɗanyensa yana ƙwace wa ƙasa abinci.

Akwai masu ƙin bishiya gaba ɗaya, kuma bai kamata a yi masu dariya ba. Wani ya ce maciji, wani ya ce ganye zai toshe indararo, wata ta ce duhun bishiya maɓoyar masu shaye-shaye ce kuma 'ya'yanta mata ta nan suke wucewa daga makarantar dare. Wannan ta ƙarshen ita ta fi damuna, don gaskiya ta faɗa. Amsarta a cikin tsarin take: kada a dasa shinge mai duhu, a riƙa sare rassan ƙasa har su wuce kan mutum yadda daga ƙofar masallaci za a hango ƙarshen fili, a kafa fitila mai aiki da hasken rana. Wurin da tsofaffi ke zama da rana, mata ke sana'a da safe, yara ke karatu da dare, mai mugun nufi ba ya son sa.

Sai maganar da ba a son tadawa, wato ƙasar ta wace ce. Yawancin ƙasar Kumasi ta kujerun sarautar Asante ce, mu mutanen zango wuri aka ba kakanninmu suka zauna. Fili da yawa da muke ce wa na jama'a ba su da takardar da ta ce haka. Yadda suke ɓacewa kuwa kowa ya gani: yau tebur, gobe kiyos na katako, jibi kwantena, wata rana ka wayi gari an zuba harsashin gini. Kafin a dasa ko tsinke, sai Sarkin Zango da limamai da asambilman, wato wakilin unguwa a majalisa, sun zauna da masu ƙasa, a je majalisar ƙaramar hukuma, wadda ga Aboabo da Asawase ita ce ta Asokore Mampong da aka kafa a 2012, a sa filin cikin taswirar unguwa a matsayin wurin jama'a. Aiki ne mai cin rai da zirga-zirga, ba a ɗaukar hoto a cikinsa, amma wanda ya yi shekara uku yana shayar da bishiya aka zo aka sare don a gina shago ba zai sake dasa wata ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi bushara cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Muna jin wannan a wa'azi duk shekara, amma mun tsaya a kan kalmar dasawa. Ba a ci daga itacen da ya mutu a wata na bakwai. Shi ya sa na daina yarda da dashen gayya, inda bishiya ta zama ta kowa. A ba kowace bishiya mai ita, kuma a zaɓi wanda inuwar za ta amfana kai tsaye: mai koko da ƙosai da ke zama a kusurwa tun asuba, mai shayi, mai gyaran babur, ajin manyan ɗalibai na makarantar allo. Kuɗin waya da na tanki kuma su fito daga filin kansa. Duk mai kafa rumfar biki dama yana biyan masu kujeru da masu sauti, ba zai gagara ya ajiye ɗan wani abu a asusun fili ba, muddin ana karanta lissafin a bainar jama'a bayan sallar Juma'a.

Kuma a kira mata zaman. Su ne ke share filin da sassafe, su suka san inda ruwa ke kwanciya da inda rana ke fara bugawa, amma sau nawa aka tambaye su? A zamanmu na ƙarshe mun gayyace su, muka ce bana guda shida kawai za mu dasa, da farkon ruwan Afrilu don su sami damina biyun da ake yi a nan a shekara, babba da ƙarama, kafin hunturu, kowace da kejinta na waya da sunan mai kula da ita a rubuce a littafin masallaci. Mai kokon nan, wadda duk unguwa ke ce wa Mma, ita ta fara ɗaga hannu. Ta ce mangwaro take so, a dasa mata ta bayan bencinta wajen faɗuwar rana, kuma kada kowa ya damu da ruwa, wanda take ɗauraye kofuna da shi ya ishe shi.